Ciwon jijiyar sayatika: abin da allurar Sinawa da magungunansu za su iya, da inda haɗarin yake

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 47, ina zuwa Guangzhou saro kaya. Wata uku ke nan ciwo yana taso mini daga ɗuwawun dama, ya bi gefen cinya da ƙwauri har kan babban yatsa. Zama ya fi tsananta shi, idan na yi tari ko atishawa kuwa sai in ji kamar an jona mini lantarki. Hoton MRI ya nuna faifai, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ya ɓullo tsakanin L4 da L5, ƙashi na huɗu da na biyar na ƙugu. Na sha diclofenac har cikina ya fara zafi. Abokan kasuwa sun ce in je a yi mini allurar Sinawa, wani kuma ya kawo mini ƙwayoyi daga can. Shin maganin gargajiyar Sin yana warkar da wannan ciwo?

Amsa: Alhaji, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Allurar ta cancanci ka gwada ta, na ƙayyadadden lokaci, a hannun wanda ya karanci aikin. Ƙwayoyin nan kuwa ka ajiye su tukuna, domin a wannan fanni allura ba ta cika cutarwa ba, abin da ake haɗiya shi ne ke kai mutane gadon asibiti.

Kafin komai akwai alamun da idan ɗaya ta bayyana babu maganar allura ko jiƙo, sai asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba. Bayan gida yana kufce maka. Fatar tsakanin cinyoyi, ta gaba da ta dubura, ta daina jin taɓi. Ciwon ya sauka ƙafa biyu lokaci ɗaya. Ko ƙafar ta fara jan ƙasa, silifa yana zamewa, yatsu suna tuntuɓe da ƙasa. Huɗun farko suna nuna an matse tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma tiyatar tana da lokaci: idan aka wuce shi mutum yana iya rasa riƙon fitsari da ƙarfin namiji har abada. Sai kuma zazzaɓi, zufar dare, rama ba dalili, da ciwon da ke hana barci ko an kwanta. A ƙasashenmu tibin ƙashin baya ba baƙon abu ba ne, kuma yana shigowa da kamannin ciwon baya na yau da kullum. Kai an riga an ɗauki hoto, to wannan tsoron ya ragu, amma ka riƙe alamun farkon a ranka, don faifan da ya ɓullo kaɗan yana iya ƙara fitowa.

Jijiyar sayatika ita ce mafi kauri da tsayi a jikin mutum, kaurinta ya kai na babban yatsan hannu. Saiwoyi biyar ne suka haɗu suka yi ta, daga L4 zuwa S3 (L na nufin ƙasusuwan ƙugu, S kuma ƙashin da ke ƙasa da su), ta ratsa ƙarƙashin naman ɗuwawu, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu a kusa da bayan gwiwa. Faifan da ke tsakanin L4 da L5 idan ya ɓullo, galibi saiwar L5 yake taɓawa, ita kuma hanyarta gefen ƙwauri ce zuwa saman ƙafa da babban yatsa. Abin da ka bayyana ke nan daidai. Da a ce faifan ƙasa da shi ne, na L5 da S1, da ciwon ya bi sharaɓa ya sauka diddige da ƙaramin yatsa. Kuma ba matsa kaɗai ke jawo zugin ba. Abin da ke fitowa daga cikin faifan yana ƙona saiwar, ta kumbura, ta zama kamar ɗanyen miki. Shi ya sa mutum zai ji sauƙi sosai alhali hoto bai canja ba. Jiki da kansa yakan tsotse abin da ya ɓullo a kusan mutum biyu cikin uku, cikin watanni. Don haka duk wanda ya ce maka allura ko tausa ta mayar da faifai mazauninsa, bai san abin da yake faɗi ba. Aikin allura shi ne ta rage zugi ta sassauta naman da ya ɗaure, har ka iya tafiya da barci yayin da jiki yake nasa gyaran.

Likitocin gargajiyar Sin ba su da kalmar sayatika a tsoffin littattafansu. Suna sa ciwon a babin da suke kira bi, wato toshewa. Littafin Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2000, ya ce iska da sanyi da danshi ne suke haɗuwa su shiga jiki su toshe hanyoyi, kuma ƙa'idarsu ita ce inda abu bai gudana ba nan ciwo yake. Hanyoyi biyu ne suka shafe ka. Ɗaya ta bi bayan cinya da sharaɓa zuwa ƙaramin yatsa, suna danganta ta da mafitsara. Ɗaya ta bi gefen cinya da gefen ƙwauri, suna danganta ta da matsarmama. Abin sha'awa shi ne ta farko ta kusan dacewa da hanyar S1, ta biyun da hanyar L5. Mutanen da suka zana waɗannan layuka ba su san saiwar jijiya ba, amma sun saurari marasa lafiya da kyau.

Likitan zai duba harshenka, ya riƙe wuyan hannunka biyu yana jin bugun jini, ya tambaye ka abin da ke ƙara ciwon. Daga nan ya sa ka a ɗaya daga cikin rukunai huɗu. Idan ƙafar tana nauyi da sanyi, ciwon yana tashi da damina ko a ɗaki mai na'urar sanyaya, ɗumi yana kwantar da shi, sai ya ce sanyi da danshi ne. Idan ciwon yana ƙuna, ɗumi yana ƙara shi, harshe ya yi rawaya, zafi da danshi ne. Idan sukar kamar ta wuƙa ce a wuri ɗaya, ta fi tsanani da dare, ta fara bayan ɗaga kaya, sai ya ce jini ne ya tsaya. Idan kuma ciwon ya daɗe, ba mai tsanani ba ne amma ƙugu da gwiwa ba ƙarfi, gajiya tana taso da shi, sai ya ce hanta da ƙoda sun yi rauni. A nan mutanenmu suke ruɗewa. Ƙodar da yake nufi ba ita ce wadda ake gwadawa a asibiti ba, suna ne na ƙarfin ƙugu da ƙashi da tsufa a tsarinsu, kada ka tashi hankalinka cewa za a kai ka wankin ƙoda. Haka sanyin da yake faɗi ba ciwon sanyin da ake sayar wa magani a tasha ba ne. Wannan rabe-raben ba gwajin asibiti ba ne, kuma likitoci biyu suna iya sa mutum ɗaya a rukuni daban. Amfaninsa shi ne yana nuna wa likitan ko ya sa ɗumi ko kar ya sa, da irin haɗin da zai rubuta.

Ga yadda zaman allura, wato akufanca, yake gudana idan an yi shi daidai. Za ka kwanta rub da ciki da matashi ƙarƙashin mara, ko ka kwanta a gefen da ba ya ciwo ka lanƙwasa gwiwar sama. Allurorin sirara ne ƙwarai, kaurinsu milimita 0.25 zuwa 0.30, ba rami a cikinsu, ba kuma wani ruwan magani da ake turawa. Awonsu na nisa shi ne cun, faɗin gaɓar babban yatsan hannun marar lafiya, yatsu huɗu a haɗe kuma cun 3 ne. A ƙugu sukan soka Dachangshu, cun ɗaya da rabi daga tsakiyar baya a daidai L4, da Guanyuanshu a daidai L5, ko kuma wuraren Jiaji da ke rabin cun daga tsakiya. A ɗuwawu akwai Huantiao, wanda shi ne uban tafiyar. Ana samunsa ne idan aka ja layi daga ƙashin da ya turo a gefen kwatangwalo zuwa ƙasan ƙashin baya, aka raba layin uku, a ƙarshen kason farko daga waje. Nan jijiyar take wucewa, a zurfi, don haka ake amfani da allura mai tsawon milimita 75. Tunda ciwonka na gefe ne, zai sauko ta Fengshi a tsakiyar gefen cinya, inda ɗan yatsan tsakiya yake taɓawa idan ka miƙe ka saki hannu, sai Yanglingquan a ramin da ke gaba da ƙasan ɗan ƙashin gefen gwiwa, sai Xuanzhong, yatsu huɗu sama da idon sawu na waje. Da ciwon na baya ne, da Chengfu a lanƙwasar ɗuwawu, Weizhong a tsakiyar bayan gwiwa, Chengshan a sharaɓa da Kunlun tsakanin idon sawu da agara zai bi. Weizhong dai kusan kowa sai an soka masa, saboda wata tsohuwar waƙar koyar da ɗalibai ta ce mai ciwon ƙugu da baya a nema masa Weizhong.

Idan allura ta shiga, likitan zai ɗan murza ta har ka ji nauyi ko tsami ko wani ɗumi yana yaɗuwa. Wannan shi suke kira deqi, kuma shi ake nema. Ana barin allurorin minti 20 zuwa 30. Wasu sukan maƙala musu wayoyi su saki lantarki mai rauni, bugu 2 a daƙiƙa ko ana sauyawa tsakanin 2 da 100, har naman ya riƙa ɗan motsi ba tare da zafi ba. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ba a yi masa wannan.

Abin da ke ɓaci yawanci a Huantiao yake faruwa. Idan tsinin allurar ya taɓa jijiyar, za ka ji walƙiya ta sauka har yatsu. Wasu tsoffin hannu suna son wannan, suna ɗaukarsa alamar an samu wurin. Sau ɗaya, a ja allurar baya kaɗan a bar ta, ba laifi. Amma wanda ya ci gaba da cakar wurin yana neman walƙiyar ta sake, yana jikkata jijiyar da dama a kumbure take, kuma za ka kwana biyu ko mako kana jin ƙuna fiye da da. Ka buɗe baki ka ce ya tsaya. A saman ƙugu, wajen Shenshu a daidai L2, ƙoda ta gaskiya tana ƙarƙashi, don haka ba a zurfafawa, musamman ga siririn mutum. A bayan gwiwa akwai babbar jijiyar jini. Sai jiri da suma, waɗanda suke kama wanda ya zo da yunwa ko tsoro ko aka soka masa yana zaune. Ka ci abu mai sauƙi awa ɗaya kafin zuwa, idan kana azumi ka nemi lokacin bayan shan ruwa. Kuma lallai a ɓare sabuwar allura daga leda a gabanka a jefar da ita bayan an gama. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Sin kamar yadda ya yi yawa a wajenmu, kuma goge allura da sifirit bai isa ya hana yaɗa shi ba. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya faɗa tun kafin a fara, don suka mai zurfi a ɗuwawu tana iya tara jini a ciki. Mai juna biyu ba a soka mata ƙugu da Kunlun.

To yana aiki? Hujja mafi ƙarfi ita ce gwajin da aka buga a mujallar JAMA Internal Medicine a 2024. An yi shi a asibitoci 6 na ƙasar Sin, a kan mutum 216 masu sayatikar da ta daɗe saboda ɓullowar faifai, wato irinka. An raba su biyu, rabi aka yi musu allurar gaske, rabi ta bogi, zama 10 cikin mako 4. A ma'aunin ciwo mai maki 100, na masu allurar gaske ya sauka da kimanin 31, na ɗaya rukunin da kimanin 15, kuma tazarar ba ta ɓace ba har aka cika shekara. Illolin da aka gani ƙanana ne, ɗan jini ko tabo a wurin suka. Ka lura da abu biyu. Na farko, saukar maki 31 sauƙi ne mai kyau, amma ba warkewa ba ce. Na biyu, rabin wannan sauƙin waɗanda aka yi wa ta bogi ma sun samu, saboda lokaci da kulawa da sa rai. A ɗaya gefen, hukumar NICE da ke tsara wa asibitocin Ingila ƙa'ida ta ce tun 2016 kada a ba masu ciwon baya da sayatika akufanca, don gwaje-gwajen da ta duba a lokacin ba su nuna ta fi ta bogi ba. Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba ke nan. Abin da ya sa nake karkata ga ka gwada shi ne magungunan asibitin ma ba su yi abin a zo a gani ba a wannan ciwo. Pregabalin da ake yawan rubutawa an gwada shi a Ostareliya, aka buga sakamakon a 2017, bai fi ƙwayar bogi ba, sai jiri da ya ƙara wa mutane. Diclofenac kuwa ga shi ya fara cin cikinka. Ka koma wa likitanka da wannan maganar cikin tun yanzu, kuma idan ka ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne, ka daina sha ka tafi asibiti.

Sauran abubuwan da ake haɗawa da allura ba su da hujja mai ƙarfi kamarta, amma suna kwantar da naman da ya ƙulle. Akwai gashi da sandar ganyen ai, wani tsiro dangin tazargade, wanda ake kunnawa a riƙe nesa da fata kamar santimita 3, minti 10 zuwa 15, har wurin ya yi ɗumi ya ɗan yi ja. Na masu rukunin sanyi ne, ba a yi wa wanda ciwonsa ke ƙuna. Matsalar ita ce fatar mai sayatika sau da yawa ba ta jin zafi sosai, balle mai ciwon suga, sai ya ƙone bai sani ba. Mai yin gashin ya sa yatsunsa biyu a gefen wurin don shi ya ji zafin. A gida, gishiri mai tsakuwa rabin kilo a soya a zuba a jakar yadi mai kauri, a naɗe da tawul a ɗora a ƙugu minti 15 zuwa 20, yana yin kusan wannan aikin. Ƙaho kuwa ba sai an yi wa Bahaushe bayaninsa ba. Nasu na gilashi ne ko roba, galibi ba tsaga, minti 5 zuwa 10 a ƙugu da ɗuwawu, idan ya wuce 15 fata takan yi bororo. Baƙin shatin da yake bari jini ne da ya taru ƙarƙashin fata, ba dattin ciwo ba ne da ya fito.

Tausarsu, tuina, kashi biyu ce. Murzawa da dannawa a naman ƙugu da ɗuwawu ba su da matsala. Amma akwai wadda ake kwantar da mutum a gefe, a danna kafaɗa baya a tura kwatangwalo gaba har baya ya yi ƙara. Mai ɓullowar faifai babba, ko ciwo yana kan ganiyarsa, ko ƙashi ya yi laushi, ko ƙafa ta fara rauni, kada ya yarda a yi masa. Haka masu taka baya da ƙafa a shagunan tausa.

Yanzu maganin sha, inda na ce haɗarin yake. Haɗin da aka fi sani shi ne Duhuo Jisheng Tang, wanda Sun Simiao ya rubuta a zamanin daular Tang, wajen shekara ta 652. Itatuwa 15 ne, cikinsu akwai duhuo, da sangjisheng wanda kauci ne, da duzhong, niuxi, danggui, kirfa, ginsen, gancao da xixin. A rubutun zamani duhuo giram 9 ne, yawancin sauran giram 6. Na ciwon da ya daɗe ne mai sanyi da raunin ƙugu. Na rukunin tsayawar jini shi ne Shentong Zhuyu Tang na Wang Qingren, daga littafinsa na 1830. Na zafi da danshi kuma wani haɗi ne da ake kira Simiao, mai itatuwa huɗu. Likita ba ya ba da su yadda suke a littafi, yana ƙari yana ragi, yakan rubuta na kwana 5 zuwa 7 ka dawo ya sake duba ka. Dafawar ita ce a jiƙa ƙunshin yini ɗaya minti 30 a tukunyar ƙasa ko ta tangaran, ba ta ƙarfe ko alminiyam ba, ruwa ya haura ganyen da yatsa biyu, a tafasa a rage wuta minti 30, a tace, a sake zuba ruwa a dafa minti 20, a haɗa biyun a raba safe da yamma bayan cin abinci. Asibitocin can suna dafa maka su ɗura a leda. Gwaje-gwajen da aka yi a kan waɗannan haɗe-haɗe ƙanana ne kuma ba su kai ingancin na allura ba, don haka ni ba na ɗaukar su dole.

Ga abin da za ka nema a jikin kwalin da aka kawo maka. Chuanwu, caowu da fuzi duk saiwoyin tsirrai ne 'yan dangi ɗaya masu dafin akonitin, ana sa su a maganin ciwon sanyin gaɓoɓi saboda suna kashe zugi da gaske. Wanda aka sarrafa ma giram ɗaya da rabi zuwa 3 ake ba da chuanwu, kuma sai an dafa shi shi kaɗai tsawon lokaci kafin a zuba sauran. Idan dahuwar ta gaza, ko aka jiƙa shi a giya, cikin minti kaɗan zuwa awa biyu leɓe da harshe za su mutu, amai ya biyo, zuciya ta rikice, kuma ba shi da makari. Maqianzi kuwa dafin sitiriknin ne a cikinsa, yana cikin wasu sanannun kafso na ciwon ƙugu irin Yaotongning. Tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba ƙarama ce, don haka mai cewa bari in ƙara biyu don ya yi saurin aiki yana wasa da ransa. Alamar farko ita ce taurin wuya da muƙamuƙi da fizgar nama. Xixin ba a wuce giram 3, kuma saiwarsa kaɗai ake amfani da ita, don ganyensa yana da sinadarin da ke lalata ƙoda. Wannan sinadarin ne ya yi ɓarna a Beljiyam a farkon shekarun 1990, lokacin da aka musanya wata saiwa mai suna fangji da wata mai kama da ita a maganin rage ƙiba, mata fiye da 100 suka samu ciwon ƙoda, wasunsu daga baya kansar mafitsara. Gancao, saiwa mai zaƙi da ke kusan kowane haɗi, tana ɗaga hawan jini ta zubar da sinadarin fotashiyam idan aka daɗe ana sha. Danggui da danshen suna ƙara ƙarfin warfarin. Taoren, honghua da niuxi ba na mai ciki ba ne.

Wani abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba: ba duka tsirrai ba ne. Dilong tana ce busasshiya, quanxie kunama, wugong shanshani, wulingzhi kuma kashin wani kurege ne mai shawagi, kuma biyu daga cikinsu suna cikin haɗin Wang Qingren. Da yawa daga cikin magungunan ciwon ƙugu ana jiƙa su a giya ko a ce a kora da ita. Ka gaya wa likitan kai Musulmi ne, sun saba da wannan saboda Musulmin ƙasarsu, zai musanya.

Mafi muni su ne ƙwayoyin da ba a san kamfaninsu ba, waɗanda ake cewa ganye ne zalla amma an cusa musu dexamethasone ko prednisolone da diclofenac. Hukumomin magani a Hong Kong da Singafo sun sha kama irinsu. Alamarsu ita ce aiki kamar yankan wuƙa, kwana biyu ciwo ya ɗauke, ci ya buɗe. Bayan makonni fuska ta kumbura, suga da jini su hau, ciki ya yi gyambo, ƙashi ya yi laushi. Gare ka mai zafin ciki, an gudu daga gara ne an faɗa gidan zago. Wanda ya riga ya sha irinsu makonni kada ya yanke lokaci ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali. Maganin gargajiya mai rajista a Sin yana da lambar amincewa da ta ƙunshi harafin Z da lambobi 8. Mai tambarin shuɗiyar hula abincin ƙarin lafiya ne, ba magani ba. Wanda ake sayarwa a Najeriya kuma sai da lambar NAFDAC. Kwalin da ba shi da jerin abin da ke ciki, shara ce wurinsa.

Tunda kana zuwa Guangzhou, ka je asibiti sosai, ba shago ba. Asibitin farko na Jami'ar Likitancin Gargajiya ta Guangzhou yana Sanyuanli, kusa da inda 'yan kasuwarmu suke hada-hada, akwai kuma babban asibitin gargajiya na lardin Guangdong. Sashen allura shi ne zhenjiu ke, na ƙashi gushang ke. Likitocinsu sun yi shekara 5 a jami'a, sun iya karanta MRI, don haka ka tafi da hotonka da sunayen duk abin da kake sha. Sai dai zama 10 yana son wata guda, sau 3 a mako biyun farko, sau 2 a biyun ƙarshe. Zama biyu a tafiyar kwana goma ba gwaji ba ne. Idan ba za ka daɗe ba, gara ka nemi ƙwararre a gida, wasu likitocin gashin ƙashi sun koyi aikin, kuma tawagogin likitocin Sin da ke aiki a Nijar da Kamaru da Cadi sukan zo da masu allura.

Allura ba ta maye gurbin motsi. Kwanciya fiye da kwana ɗaya ko biyu tana ƙara ɗaure baya. Ka riƙa tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa minti 10 sau 3 a yini kana ƙarawa. Kada ka zauna fiye da minti 30 ba ka miƙe ba, a jirgi ka nemi kujerar bakin hanya, ka cire walat daga aljihun baya, ka bar wa yara ɗaga dila. Likitocin Sin suna son koyar da motsin da suke kira tashin tsattsewa: a kwanta rub da ciki a ɗaga ƙirji da ƙafafu tare. Ya yi maka nauyi yanzu. Ka fara da kwanciya rub da ciki ka dogara a gwiwar hannu minti 2, da kwanciya rigingine ka lanƙwasa gwiwa ka ɗaga ɗuwawu daƙiƙa 5, sau 10. Idan ka koyi Baduanjin, motsa jiki mai kashi takwas, ka tsallake na shida inda ake sunkuyawa a kama yatsun ƙafa. A ruku'u ka lanƙwasa daga kwatangwalo baya a miƙe, gwiwa a ɗan sake, ranar da ya gagara ka yi yadda za ka iya. Ma'aunin kowane motsi ɗaya ne: idan ciwon yana janyewa daga yatsa yana komawa ɗuwawu da ƙugu, ana kan hanya ko da ƙugun ya ɗan ƙara ciwo. Idan yana ƙara sauka ƙasa, ka bar wannan motsin.

Kafin zaman farko ka rubuta abu uku a takarda: makin ciwon ƙafa daga 0 zuwa 10, minti nawa kake iya zama, da minti nawa kake iya tafiya. Kowace Juma'a ka sake rubutawa, ka kuma gwada tafiya a kan diddige taku goma da ɗaga babban yatsa ana danna shi, kana kwatanta dama da hagu. Idan an kai zama na 5 ko na 6 ba abin da ya motsa, da wuya sauran su canja labari. Idan an gama 10 ciwon ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, ka koma sau ɗaya a mako na ɗan lokaci sannan ka tsaya, ba a mayar da ita abin yi har abada. Idan bai ragu ba, ka riga ka shiga wata na huɗu ko na biyar, to lokacin ganin likitan tiyatar baya ne, a asibitin ƙashi na Dala ko wani asibitin koyarwa, a tattauna allurar da ake yi kusa da saiwar jijiya ko ƙaramar tiyatar cire abin da ya ɓullo. Idan kuwa yatsan ya fara rasa ƙarfi a kowane mako, ba ka jira zama na goma.